Ɗakin Da Aka Hana Keziya

Sarƙa ta ci hannun Keziya har jini na tsattsafowa, ga ƙanƙara tana zuba a kan keken dokin da aka ɗaure ta, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ganin Absalom, mijin goggonta, tsaye yana gyara hula. Wayyo maraici! Tun da zazzaɓi ya kwashe iyayenta take yi masa bauta, ita ce tatsa, ita ce faskare, duk bai ƙoshi ba sai da ya ƙyalla ido kan gonar tuffar da mahaifinta ya bar mata. Shi ne ya je ya rantse wa jami'in tarayya cewa baiwa ce da ta gudo daga jihohin Kudu masu riƙe bayi... yarinyar da aka haifa 'ya mai 'yanci a nan jihar Wiskonsin!

"Kawu, ɗauki gonar," ta ce cikin kuka, "ka dai bar ni kusa da kabarin Mama."

"Wa ye kawunki? Ni ban haɗa komai da baiwa ba."

Dokar tarayya ta kamun bayi kuwa ba ta yarda wanda aka kama ya kare kansa ba. Da ta roƙi a saurare ta, jami'in ya ce bakinta ba shaida ba ne. Ta san in aka tsallaka da ita Kudu, ita da 'yanci sai a lahira. Ta runtse ido tana kiran Ubangiji, hawaye na daskarewa a kumatunta...

Ƙanƙara ta toshe hanya, dole jami'in ya nemi inda zai ajiye ta. Ya nufi kurkukun gari, sai ya tarar da Barnabas, shugaban gidan, ya tokare ƙofa.

"Yallaɓai, ginin nan na jiha ne, kuma jiharmu ta ce dokarku ta wuce gona da iri, ba ta aiki a ƙasarta. In tarayya na son kurkuku, ta zo da bulonta."

Jami'in ya dafa bindiga. Sai ga ƙararrawar coci ta kaɗa, mutanen gari suka cika titi maƙil. Jami'in yana ji yana gani alƙalin jiha ya sa aka kwance ta aka shiga kotu, aka ce ta yi magana. Ta faɗi sunan iyayenta da inda suke kwance. Goggo Hesta, matar Absalom, wadda tsoron miji ya ɗinke wa baki, ta fashe da kuka ta ce a hannunta aka haifi yarinyar nan, kuma Absalom ya sani sarai.

Satar ɗa mai 'yanci kuwa babban laifi ne a dokar jiha. Wanda ya haƙa ramin mugunta, ai gara ya haƙa shi gajere! Da aka iso da Absalom bakin kurkuku yana ta magiya, Barnabas ya buɗe ƙofar har bango.

"Bismilla, kai kam akwai ɗaki. Shi ne wanda ka nema wa Keziya."