Yarinyar da Ta Kira Kakanni

A can wata ƙasa mai nisa ta manoman shinkafa, mutane sun yarda kakanninsu da suka mutu su ke tsaron gida. In za a ƙaura, sai an kira kowane da sunansa, in ba haka ba a bar shi a kango.

Ranar tashin wani gida, Baba ya kira suna uku ya kakare. Kaka ce ta san sauran, ga shi ta rasu.

Autar gidan kuwa ta saba laɓewa tana saurare in Kaka na kiran sunayen, ga shi an hana yara ji. In ta yi magana, asirinta ya tonu.

Ta dai matso. "Baba, na san su. Laɓe nake yi."

Ta kira, ta kira, har sha biyu cif.

Baba ya share hawaye ya ce, "'Yar laɓe, wuce gaba! Ke za su bi."