Tsiron da Aka Shafa wa Mai

'Yan aji huɗu sun shuka 'ya'yan lemo a gwangwanaye. Kullum sai sun leƙa. Amma ɗaya tak ya tsiro. Nan da nan ya zama ɗan lelen aji.

Ranar da za a tafi hutu, Malama ta ɗaga gwangwanin.

"Wa zai kula mana da shi a gida?"

Hannaye suka tashi. Malama ta zaɓi Auta, don ta fi kowa tsafta.

"Ki dawo mana da shi da ransa fa," in ji Malama.

"Har ƙiba zai yi, Malama!"

Da Auta ta isa gida, ta ajiye shi a bakin taga, ta ba shi ruwa. Sai ruwan ya tsiyayo ta ƙasa.

"Auta! Wa ya jiƙa mini ɗaki?" Mama ta ɗaga murya.

Auta ta leƙa gindin gwangwanin. Ashe a huje yake! Ta ciro cingam daga bakinta ta toshe hujin.

Washegari ta ga tsutsa tana motsi a cikin ƙasar.

"Ke ƙazama, fita!"

Ta sa tsinke ta jefar da ita. Ta danne ƙasar da bayan cokali har ta yi sumul kamar siminti.

Sai ta ga ganyen ba ya ƙyalli. Ta ɗauko man shafawar Mama ta mulke shi ciki da baya. Da iska ta taso ganyen ya kaɗa, tausayi ya kama ta.

"Wayyo, sanyi kake ji ko?"

Ta sa shi a kabad, kusa da kwanuka, ta rufe. Kowace safiya kuma sai ta cika kofi ta juye masa.

Ana cikin haka Yayanta ya dawo daga doguwar tafiya. Shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya buɗe nan, ya leƙa can. Yana neman sukari ya buɗe kabad, sai ya yi baya yana toshe hanci.

"Mama, me ya mutu a nan?"

Auta ta sheƙo da gudu. Ruwa ya kwanta a gwangwanin yana wari. Ganyen ya yi rawaya, rabi ya zube. Ta fashe da kuka.

"Na ajinmu ne, Yaya! Shi ke nan gare mu. Kuma wallahi na kula da shi!"

Ta faɗa masa duk abin da ta yi. Yaya ya danne dariya da ƙyar.

"To zo in yi miki irin wannan gata. In cika miki hanci da mai, in tsayar da ke a bokitin ruwa, in kulle ki a kabad."

"Ai sai in shaƙe!"

"Shi ma shaƙewa ya yi. Ta ganye yake numfashi. Saiwarsa ma tana son iska a cikin ƙasa. Tsutsar da kika kora, ita ke haƙa wa iskar hanya."

Auta ta zaro ido. "Ashe ma'aikaciya na kora?"

"Ba ko sallama," in ji Yaya.

Suka fita tsakar gida. Auta ta ɓamɓare cingam, ruɓaɓɓen ruwa ya zube. Ta goge ragowar ganyen da tsumma mai laushi. Yaya ya tono sabuwar ƙasa a gindin bishiya, har da tsutsa a ciki.

"Na yi yawo sosai, Auta," ya ce. "Na ga wurin da yashi ne zalla. Na hau dutsen da numfashi ke gagara. Amma duk inda na ga kore, to ƙasa da ruwa da iska sun haɗu a wurin, rana na haska su."

Suka mayar da tsiron bakin taga. Duk da haka, sauran ganyen ya zube.

Ranar komawa makaranta, Auta ta shiga aji kanta a sunkuye.

"Wannan tsiro ne ko tsinken sakace?" wani yaro ya tambaya. Aji ya kwashe da dariya.

Auta ta tsaya gaban allo ta faɗi gaskiya, ba ta ɓoye komai ba. Malama ta karɓi gwangwanin ta kai shi wajen haske. Ta daɗe tana dubawa.

"Ku zo ku gani," ta ce.

A jikin tsinken akwai wani ɗan toho kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Aji ya kaure da tafi. Auta ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi.

"Me kika koya?" Malama ta tambaye ta.

"Duk mai rai yana bukatar ƙasa da ruwa da iska, kowanne daidai gwargwado. Kuma in zan kula da abu, in fara tambaya me yake so."

"Madalla. Man shafawar fa?"

"Wannan na Mama ne, Malama. Na mayar mata da kayanta."