Saƙon Idiat

A kasuwar Taminus suka haɗu, ranar da ruwan sama ya koro Sharafaddeen cikin shagon atamfar mahaifin Kausar. Fakewa ya shigo yi, ya fita da lambar waya.

Ɗalibin kimiyyar sinadarai ne, mai sanyin hali. Ita kuwa Kausar, wayyo, kishi! Ko ƙuda ya sauka a hularsa sai ta tambaya ko mace ce.

Saura wata guda biki, ya bar wayarsa a wajenta ya tafi sallar la'asar. Sai ga saƙon Idiat, abokiyar karatunsa:

"Oga, yanzu na fito daga ultrasound. Alhamdulillahi, abin ya kama! Zo ka ga aikinmu da idonka."

Ultrasound ɗaya Kausar ta sani, wanda ake yi wa masu ciki a asibiti. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Da kuka ta kai wa Baba maganar, shi kuma ya ce an fasa.

Kwana uku ba ta ɗaga waya ba, sai saƙo:

"Hasken idona, zo makaranta gobe. In kin ga laifina, ni da kaina zan tafi."

Ta je a shirye da faɗa. Ta tarar da Idiat gaban wani kwanon ƙarfe mai aiki da lantarki, da kwalbar ruwan shuɗi a ciki.

"Amarya, ga ultrasound ɗin," in ji Idiat.

Sharafaddeen ya ce, "Sauti ne da kunne ba ya ji. Yana haifar da ƙananan kumfa a ruwa, in sun fashe sai su yi zafin da ke wargaza rinin. Ruwan marina muke son tsabtacewa. Wata shida muna fama, sai ranar ya kama."

A gabanta shuɗin ya riƙa kodewa. Kunya ta rufe ta, amma ta murguɗa baki.

"To, ta daina cewa aikinmu."

"Ta daina, ranki ya daɗe."

Da bakinta ta warware wa Baba. Ya ce, "Yanzu saboda kumfa kika sa na kori ɗan mutane?" Ya ɗauki hularsa, ya tafi ba da haƙuri da ƙafarsa.

An ɗaura aure a Gada Biyu ranar da aka sa. Allah ya ba su zaman lafiya, ita kuma ya rage mata kishin nan, ko da kaɗan ne.