Saƙon Da Ya Ce Shi Ne Manaja

A wani gari an yi wata sabuwar ma'aikaciya a kamfanin madara. Kullum Manaja yakan gargaɗi ma'aikatansa, "In saƙo ya ce ku yi sauri, to ku yi a hankali."

Ran nan sai ga saƙo a wayarta: "Ni ne Manaja. Turo lambar sirrin kwamfutar ofis yanzu-yanzu, ko ki rasa aikinki!"

Ta fara rubuta lambar, sai ta tsaya. Ta tafi ofishin Manaja, ta tarar da shi hannu dumu-dumu cikin ɗanwake.

"Ranka ya daɗe, kai ka aiko wannan?"

Ya leƙa wayar, ya tuntsire da dariya. "Da wane hannun? Wannan ɗan damfara ne, ya tashi a banza. Wanko hannunki mu ci."