Har Ƙofar Gida

Dare ya raba, ruwa ake tsugawa, wata tsohuwa ta tsayar da tasi ɗina.

"Direba, kowa a hanya yake sauke ni. Kai za ka kai ni har ƙofar gida?"

"Wallahi, Mama, har ƙofa," na ce, yadda nake rantse wa kowane fasinja.

Ta shiga baya. Zanenta a bushe yake ƙayau.

Muka yi ta tafiya. Gidan man da muka wuce ɗazu, shi muke ta sake wucewa. Na nemi taka birki, ƙafata ta ƙi motsi.

"Mama, wai ina gidan yake?"

Muryarta ta fito daga kujerar gefena: "An rushe shi tun ba a haife ka ba, ɗana. Amma ai ka rantse."