Sabon Yashi a Ƙarƙashin Mota

Wasila tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da hantsi, ta baje tasoshin tagulla a kan tabarma tana goge su da toka da ruwan tsamiya. Su ne kaɗai abin da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, su aka jere mata ranar da aka kawo ta gidan nan na cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Yau kuwa dillaliya za ta zo ta kwashe su.

Mijinta Sallau ya tsaya a kanta, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ki bar ko da ƙaramar nan mana, Wasila. Wallahi kunya nake ji."

"Kunyar me, Malam? Tasa dai ba ta zuwa kasuwar Mirriya ta dawo mana da hatsi. Ka sayi motarka. In Allah ya buɗa, ka sayo mini waɗanda suka fi su."

Da murmushi ta faɗa, amma ta daɗe tana goge ƙaramar nan mai lotsawa a gefe, wadda uwarta ke dama mata fura a ciki tana yarinya.

Sallau direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, ta wani kamfanin gyaɗa. A shekarar da Damagaram ta cika da zancen 'yancin kai, Nasara suka fara haɗa kayansu, tsofaffin motoci suka fito kasuwa. Abin da ya tara, ko an haɗa da na tasoshin, mota ɗaya kawai zai saya, in ta lalace kuma babu na gyara. Ga Wasila da ciki, na fari.

Ya riga ya ga wadda ransa ke so. Wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce, fenti ya kwaye, ƙofa ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Mummuna ce, wannan babu ƙarya! Amma Sallau ya san aikinsa. Da sassafe ya je mata, ya ɗora hannu a kan inji ya ji shi sanyi ƙalau, ya juya ƙarfen tayarwa sau ɗaya ta kama. Hayaƙinta bai yi shuɗi ba. Ya sa aka tura ta gaba, ya durƙusa ya duba ƙasar da ta kwana a kai, ya same ta busasshiya, ko ɗigon mai babu. Irinta kuma ta cika gari, kowane makaniki a unguwar Zango yana da kayan gyaranta.

"Mota," ya ce wa Wasila, "da safe ake zuwa mata, tun ba ta yi kwalliya ba. Sannan a duba inda ta kwana."

"Au! Ashe haka ka yi mini?"

"Ke ai a bakin rijiya na gan ki, ƙafa duk taɓo, na ce wannan ce tawa."

Suna cikin dariya aka ce Inna Hajjo, mahaifiyarsa, tana kira. Ya same ta a ɗakinta tare da wansa Alkasum. Gidansu gidan fatake ne, kakansu ya yi tashe da ayarin raƙuma. Yanzu babu abin da ya rage sai suna da ƙaton zaure mai tsaga, amma kada ka kuskura ka faɗa wa Inna Hajjo haka.

"Na ji wai akwalar nan za ka jawo mana ƙofar gida?"

"Inna, lafiyayya ce, na duba—"

"Lafiyayya! Ƙofa da igiya? A gidan da raƙuma suka durƙusa a ƙofarsa? Ga yayanka ya samo maka ta mutunci."

Alkasum ya gyara zama. "Baƙa ce wuluk, sai ƙyalli, ta wani Mushe ce, Bature, da ya koma ƙasarsu. Tana hannun Alhaji Tahiru. Don mu ne ma ya yi rangwame."

Alhaji Tahiru dillali kuwa surukin Alkasum ne, uban matarsa Barira.

"To Yaya, sai in je gobe da asuba in gan ta."

"Da asuba? Ka faɗa wa surukina gida da asuba kamar mai bin sawun ɓarawo? Bayan la'asar ya ce, bayan la'asar za mu je."

Ko da suka isa, motar tana cikin rumfa, inji yana ta aiki tun kafin su yi sallama. An wanke ta, an shafe ta, mutum yana ganin fuskarsa a jikinta. Sallau ya sunkuya. A ƙarƙashinta an zuba sabon yashi, fari tas, har an bi shi da tsintsiya. Ya kai hannu zai ɗaga murfin inji.

"A'a, ɗana!" in ji Alhaji Tahiru, yana dariya. "Ashe ba a yarda da ni ba? Na ba gidanku 'ya sukutum, sai a kan ƙarfe za a tuhume ni?"

Alkasum ya watsa wa ƙanensa harara. Sallau ya janye hannunsa, ya sa a aljihu.

"Mun saya, Baba," in ji Alkasum.

"Allah ya sa albarka."

Kaico! Mutumin da ya san komai, ya ga komai, ya tsaya kamar an ɗinke masa baki. Babba ya yi magana a gaban surukinsa, ina ƙane zai warware? Haka aka tashe su, haka kuwa ya yi.

Da ya dawo gida, Wasila ta dubi fuskarsa ta ce, "Ka duba inda ta kwana?"

Ya kau da kai gefe. Ta juya ta kalli bangon da tasoshinta suke a da, ta ce, "Allah ya sa alheri."

Ranar bikin 'yancin kai Inna Hajjo ta sha duniya. Ta kame a kujerar baya, aka zaga da ita Birni da Zango, mata na guɗa, tana miƙa goro ta taga. Iyakar daɗin da aka ci a motar nan ke nan. Ba a jima ba ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan mai kamar rami. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta son yashin hanya. Makaniki ya leƙa cikinta ya girgiza kai, ya ce inji ya gaji tuntuni, kayan gyaransa kuma sai an aiko daga ƙasar Nasara.

Cikin Wasila ya tsufa, lokaci ya yi da za a kai ta goyon ciki gidan mahaifinta a Mirriya, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ta ce wa mijinta a hankali, "Malam, mu bi 'yan kasuwa mana. Ko a jaki ne, a sannu za mu isa."

Inna Hajjo ta ji daga tsakar gida. "Matar gidan nan a kan jaki, ga mota a ƙofa? Ku ja mana zagi a gari?"

Sallau ya fita ya tayar da baƙar motar.

Sun yi nisa, sun bar garin a baya, sun shiga tsakanin duwatsu, sai motar ta yi tari ta mutu. Ga hadari ya haɗu a gabas. Sallau ya juya ƙarfe, ya juya, ya juya, har tafin hannunsa ya fashe. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sai ya ji muryar Wasila daga ciki, siririya: "Malam... bayana... wayyo Allah, Malam!"

Babu gida kusa, babu mace ko ɗaya. Sai can da ruwa ya tsagaita wasu manoma suka taimaka da jaki, aka ɗora ta, Sallau yana riƙe da ita yana tafe cikin taɓo. Kafin su shiga Mirriya ta galabaita. Ta haihu, ɗa namiji, mai kama da ubansa, amma bai yi kuka ba. A ranar aka binne shi. Sallau ya koma bayan wata tsamiya ya yi kukan da bai taɓa yi ba tun da ya girma.

Da shanu aka jawo motar zuwa ƙofar gida, nan ta zauna, kaji na ƙwai a kujerar da Inna Hajjo ta kame. Tsohuwa kuwa baƙin ciki ya cika ta, ta rasa inda za ta sauke shi, sai ta sauke a kan wadda ba ta nan.

"Yarinyar nan farar ƙafa gare ta! Tun da kuɗin tasoshinta suka shiga motar nan albarka ta fita. Ta cinye mota, ta cinye ɗa. Ka sake ta, Sallau."

Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ban taɓa musa muku ba. Na yi shiru a gidan Alhaji, na yi shiru ranar tafiya, shirun nan ne ya binne mini ɗa. Wannan kam ba zan iya ba. Ku gafarce ni."

"To, muddin ina numfashi ba za ta tako gidan nan ba!"

Haka aure ya tsaya, ba saki, ba zama. Ka ji ikon Allah: mummunar motar nan wani mutumin Mirriya ne ya saye ta, Malam Suma'ila, yana kuwa neman direba. Sallau ya zama ɗan aiki a kan motar da ta kusa zama tasa. Kullum da safe juyi ɗaya take kamawa, kullum kuma sai zuciyarsa ta yi zafi.

Duk ranar kasuwa yakan tsaya a ƙofar gidan surukinsa. Wasila ta rame, idanunta sun faɗa. Danginta suna ta zuga ta ta nemi saki, ta ƙi. Ko sau ɗaya ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba.

"Ka yi haƙuri da Inna," take cewa. "Ita ma jikanta ta rasa."

"Ke fa, Wasila?"

"Ni ina nan. Ina zan je?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, don kada ya ga hawaye.

Bayan kaka, wata safiya Sallau zai fita, ya tarar da Inna Hajjo a ƙofar gida tana tsaki. Ƙasar da ke ƙarƙashin baƙar motar ta yi baƙi ƙirin da mai, ga baƙi za su zo. Ta ce wa Barira ta ɗebo yashi ta rufe. Barira ta kawo, ta durƙusa, ta watsa, ta bi da tsintsiya. Hannunta ya san aikin sarai. Ba ta gama ba ta fashe da kuka.

"Ke lafiya?"

"Inna, ba yau na fara ba. Lokacin da na je ganin gida, kullum da safe Baba ke sa mu zuba mata yashi."

"Kafin a sayar mana?"

"Tun kafin."

"Kina ji ina kiran 'yar mutane mai farar ƙafa, kika yi shiru?"

"Ubana ne, Inna! Da wane baki zan faɗa?"

Tsohuwa ta juyo ta dubi ɗanta. "Kai ma ka gani ranar?"

"Na gani, Inna."

"Ka gani, ka saya?"

"Ku kuka ce. Yaya kuma ya riga ya yi magana."

Inna Hajjo ta zame ta zauna a ƙasa, a kan sabon yashin. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

Ranar kasuwar Mirriya, Sallau ya iso tasha ya ga mahaifiyarsa tsaye cikin masu kwanduna da awaki, da ɗan ƙunshi a hammata. Babu awarwaron azurfa a hannunta, wanda bai taɓa ganin ta cire ba. Ta hau gaba, gefen ƙofar nan mai igiya. Ita ta riƙe igiyar da hannunta har Mirriya.

Wasila na ganin surukarta ta zube ƙasa tana gaisuwa. Tsohuwa ta kwance ƙunshin. Ƙaramar tasa ce, mai lotsawa a gefe.

"Na bi dillaliya gida gida. Ita kaɗai na samu, sauran sun tafi Kano." Ta miƙa mata tasar. "'Yata, ƙafarki ba ta da laifin komai. Bakina ne, da son a gani. Biko na zo da kaina. Ki yafe mini."

Wasila ta rungume tasar a ƙirji, kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata. "Inna, don Allah ku daina! Na yafe, wallahi na yafe tuntuni."

"To, ki sa a nuna mini inda jikana yake."

Aka nuna mata daga nesa. Ta tsaya ta yi addu'a, hawaye na bin kumatunta. Da yamma Sallau ya juya ƙarfe sau ɗaya, mota ta kama, ya ɗauko matarsa da uwarsa zuwa gida.

Baƙar motar maƙera suka saye, suka sare ta suka yi fartanya. Allah bai bar haƙurin Wasila a banza ba. Ya ba su 'ya mace, Inna Hajjo da kanta take dama mata koko a ƙaramar tasar nan, Malam Suma'ila kuma ya ga amanar Sallau ya sa shi cikin ribar motar.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Girmama manya wajibi ne, kara kuma halin kirki ce. Amma in ka ga sabon yashi ka yi shiru don kunya, ka sani wani ne zai ɗauki nauyin shirunka, galibi wanda bai ji ba bai gani ba. Ana faɗa wa babba gaskiya a durƙushe, cikin ladabi, tun kafin a ce an saya.

Sallau da Wasila sun tsufa tare. Amma duk ranar da hanya ta biyo da su ta tsakanin duwatsun nan, sai hira ta yanke. Yakan rage gudu, ita kuma ta kau da kai wajen taga, har su wuce.