Inda Alhaji Ya Ajiye Katin Zakariya

A shagon mahaifinta da ke Dogon Dutsi Rahina ta fara ganin Zakariya. Mahaifin nata, Alhaji Ma'azu, mai sayar da irin shuka da taki, ya ɗauko shi ya koya mata tsara shafin intanet na shagon, don ita daga gida sai shago, ba a barin ta zuwa ko'ina.

Tsarinta na farko abin dariya ne. Hoton Alhaji a gaba, sai ƙannensa bisa girma, sai doguwar gaisuwa, kayan sayarwa suna can ƙarshe.

"Wanda ya zo biɗar wake sai ya gaida dangi duka?" in ji Zakariya.

"Ai ladabi ne," ta ce, tana rufe fuska da mayafi.

Ya yanka kwali, ya rubuta sunan kowane kaya a katinsa, ya nuna mata yadda ake tara su inda mai saye zai fara dubawa. Kafin su gama da gero da dawa, soyayya ta kama su.

Da Zakariya ya aiko manya neman aurenta, Alhaji ya ji ɗan garin Lugu ne, kuma ana bori a gidansu, ya ce jinin bori ba ya shiga zuri'arsa. Shagon ma ya hana ta. Rahina ta koma daga ɗaki sai tsakar gida, ta rame, kuka ya zama abincinta.

Zakariya ya turo saƙo: "Tauraruwata, kakata ce ke bori, kuma ba ni ƙin ta. Ba ni hushi da Baba. Ƙare aikin, ina jiran ki."

Ta ƙare. Ta shimfiɗa katunan a tabarma don mai shago ya yi rabon ƙarshe, tuli uku: iri, taki, mutanen gida. Alhaji ya ɗauki katin geron Lugu, wanda ya fi kowane iri tafiya a shagonsa, ya aza shi kan gaba. Sai hannunsa ya kai ga wani kati da Rahina ta saka ciki, mai sunan Zakariya.

"Wanga hwa?"

"Kowane kati sai ya samu wuri, Baba, ko a hidda shi."

Ya dubi geron, ya dubi ƙashin wuyan 'yarsa.

"Mai biɗar yaron ga, ina zai duba?"

"Inda nike, Baba," ta ce a hankali.

Ya daɗe da katin a hannu, sannan ya ajiye shi cikin mutanen gida. Bayan girbi aka ɗaura aure, kuma Alhaji da bakinsa ya fara sa musu albarka.